TUNA BAYA: Reynold Johnson, malamin makarantar da ya ƙirƙiro faifan ajiyar kwamfuta

Duk wanda ya taɓa aiki da tsohuwar kwamfutar girke ya san wannan ƙara. A kunna ta, maimakon ta tashi sai a ji ƙas, ƙas, ƙas daga cikinta, allo kuma ya tsaya baƙi ƙirin. Masu gyara na jin haka suke girgiza kai, domin sun san faifan ajiya ne ya samu matsala, wato abin da ake kira had-dis a Najeriya, diski-dur a Nijar. Sau da yawa hotunan biki, lissafin shago, kundin kammala karatu da aikin shekaru duk sukan tafi tare da wannan ƙara.

Asalin na'urar, da asalin wannan rauni nata, suna komawa ne ga wani Ba'amurke mai suna Reynold B. Johnson, wanda ya mutu a 1998. Shi ya jagoranci ayarin injiniyoyin kamfanin IBM da suka ƙera faifan ajiya na farko a duniya, aka fitar da shi kasuwa a 1956. Abin mamaki, karatun koyarwa ya yi a jami'a, kuma da aji da alli ya fara neman abinci.

Daga aji zuwa IBM

An haifi Johnson a watan Yulin 1906 a jihar Minnesota da ke arewacin Amurka. Iyayensa baƙi ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Suwidin. Ya kammala Jami'ar Minnesota a 1929 da digiri a fannin tafiyar da harkokin ilimi, a shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna suka riƙa rufewa, miliyoyin mutane suka rasa aiki.

Ya samu aikin koyar da kimiyya da lissafi a wata sakandare da ke garin Ironwood a jihar Michigan, garin masu haƙar tama. A nan ya gamu da wahalar da kowane malami ya sani, wato duba tarin takardun jarrabawa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya fara tunanin na'urar da za ta ɗauke wa malami wannan nauyi.

Dabarar da ya samo tana cikin bakin fensir. Baƙin sinadarin da fensir ke rubutu da shi yana barin wutar lantarki ta ratsa shi. Idan ɗalibi ya cike gurbin amsa da fensir, aka ɗora wayoyi biyu a kan gurbin, wuta za ta wuce. Idan gurbin fari ne, ba za ta wuce ba. Da haka na'ura za ta iya gane inda ɗalibi ya zaɓa, ta kwatanta da amsar da ke daidai.

Wasu sun gwada irin wannan kafin shi, ciki har da IBM da Farfesa Ben Wood na Jami'ar Columbia, amma abin ya ƙi, saboda wani ɗalibin yana danna fensir da ƙarfi, wani kuma shafawa kawai yake yi, sai lissafin ya rikice. Johnson ya tsara wayoyinsa ta yadda kaurin zanen fensir ba zai sauya sakamako ba. Ana cikin haka matsin tattalin arziki ya raba shi da aikin koyarwa. A 1934 IBM ya sayi ƙirƙirar tasa, ya kuma ɗauke shi aikin injiniya.

Na'urar ta fito a ƙarshen shekarun 1930 da sunan IBM 805, aka yi sama da shekara 20 ana sayar da ita. Duk wanda ya taɓa zama da fensir ɗin HB yana cike gurabe a jarrabawar WAEC ko NECO, ko JAMB kafin ta koma kwamfuta, ya bi ta hanyar da Johnson ya share, duk da cewa na'urorin baya da haske suke karanta takarda.

Ya shafe shekara kusan 18 yana aiki da IBM a jihar New York, galibi a ɗakin binciken kamfanin da ke garin Endicott, yana ƙirƙire-ƙirƙire a kan katunan da ake hudawa, waɗanda su ne ƙashin bayan kasuwancin IBM a lokacin.

Tsohuwar maɗaba'a a San Jose

A farkon 1952 kamfanin ya tura shi Kalifoniya ya buɗe sabon ɗakin bincike. Dalili shi ne ƙwararrun injiniyoyin yammacin Amurka ba sa son ƙaura zuwa gabas, don haka IBM ya ga gara ya bi su gida. Johnson ya kama hayar wani gini mai lamba 99 a titin Notre Dame da ke San Jose, wanda a da maɗaba'a ce. A lokacin yankin gonakin 'ya'yan itatuwa ne, ba a ma raɗa masa sunan Silicon Valley ba.

Halin malanta bai bar shi ba. Ya shimfiɗa wa ma'aikatansa ƙa'ida cewa kowane injiniya ya san abin da sauran ke yi, kuma idan abokin aiki ya nemi taimako, taimaka masa na gaba da aikin da mutum ke kai. Ya kuma bar su suna gwada abubuwa barkatai kafin a tsayar da wanda za a sa a gaba.

Matsalar da suka tsaya a kai ita ce ta neman bayani. A wancan zamani kamfanoni na ajiye lissafinsu a kan katunan hudawa, kowane kati na ɗaukar haruffa 80. Ma'aikata na tsayawa gaban manyan akwatuna suna zaro kati da hannu idan oda ta shigo. Akwai kuma zaren maganaɗisu, mai kama da na kaset. Wanda ya yi zamanin kaset ya san wahalar: idan waƙar da kake so tana ƙarshe, dole ka juya zaren gaba ɗaya kafin ka kai gare ta. Kamfanin da ke da kaya iri dubu goma a sito yana buƙatar ya san adadin guda ɗaya nan take, ba tare da ya bi ta kan sauran ba.

Faifan garmaho ba shi da wannan matsala, domin ana iya ɗaga allura a ɗora ta kan waƙar da ake so kai tsaye. Bayan gwada ganguna, sanduna da faranti iri-iri, Johnson ya yanke shawarar a bi hanyar faifai: a jera su da yawa a kan sanda ɗaya, a shafe su da sinadarin da ke riƙe maganaɗisu, su riƙa juyawa. Wani rubutu da Jacob Rabinow na hukumar ma'aunai ta Amurka ya yi kan ajiyar bayanai a faifai na cikin abubuwan da suka ƙarfafa musu gwiwa. Ba kowa ya yarda da shawarar ba. Wasu abokan aiki ma sun riƙa yi wa na'urar ba'a, suna kwatanta ta da injin yanka nama.

Allurar da ba ta taɓa faifai

A nan ne babbar wahalar ta ɓullo. Allurar garmaho tana gogar faifai, shi ya sa faifan ke cinyewa da daɗewa. A na'urar Johnson faifan na gudun da idan allura ta taɓa shi za ta kankare shafen da bayanai ke kai. Idan kuma ta yi nisa, ba za ta iya karanta komai ba. Ga shi faifan ba ya juyawa sumul, yana ɗan karkaɗawa sama da ƙasa, don haka ba zai yiwu a kafe allurar wuri guda ba.

Injiniyoyin, musamman William Goddard da John Lynott, sun warware wannan da iska. Suka huda ƙananan ƙofofi a jikin kan da ke karatu, aka riƙa turo iska mai ƙarfi ta cikinsu. Iskar ta zama matashi tsakanin kan da faifan. Faifai ya yi sama, kan ya bi shi sama, ya yi ƙasa, ya bi shi ƙasa, ba tare da sun haɗu ba. Tazarar ta kai kimanin kashi 2 cikin 100 na milimita, wato ƙasa da kaurin silin gashi.

Shafen faifan ma sai da aka sha fama. Fenti ne mai ɗauke da garin tsatsar ƙarfe, dangin wanda aka shafa wa gadar Golden Gate ta San Francisco. Injiniya Jake Hagopian ya gano cewa idan aka zuba shi a tsakiyar faifai yana juyawa, zai bazu daidai da kansa. Don cire gudaji kuwa, da safar mata ta nailan suka riƙa tace shi.

A watan Fabrairun 1954 suka yi nasarar kwashe bayani daga kati zuwa faifai, suka kuma dawo da shi. Louis Stevens ne ya jagoranci mayar da gwajin ya zama hajar sayarwa. A Satumban 1956 IBM ya sanar da kwamfutar RAMAC 305 da ma'ajiyarta mai suna IBM 350.

Ma'ajiyar na da faifai 50, kowanne faɗinsa inci 24, suna juyawa sau 1,200 a minti. Girmanta ya kai firji biyu, nauyinta kusan tan guda. Hannu ɗaya ne ke hawa da sauka yana kai kan karatu ga faifan da ake so, ya samo bayani cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Tana ɗaukar haruffa miliyan 5, daidai da kati sama da 60,000. A lissafin yau bai cika megabayit 5 ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani sun isa su cika ta. Hayar kwamfutar kuwa dala 3,200 ce a wata.

Kamfanin takarda na Zellerbach da ke San Francisco na cikin waɗanda suka fara amfani da ita. An baje ta a bikin baje-kolin duniya na Brussels a 1958, inda ta riƙa amsa tambayoyin tarihi cikin harsuna goma. A 1959 shugaban Tarayyar Sobiyet Nikita Khrushchev ya ziyarci masana'antar IBM ta San Jose da ke ƙera ta. A 1960 kuma da ita aka tattara sakamakon gasar Olamfik ta hunturu a Squaw Valley. An ƙera sama da 1,000 kafin a dakatar a 1961.

Yadda aka fara yi wa allura fakin

Daga 1961, da fitowar IBM 1301, an daina buƙatar injin hura iska. Aka sassaƙa kan karatun ta yadda iskar da faifan ke ja yayin juyawa ita ce ke ɗaga shi, kamar yadda gudu ke ɗaga jirgin sama. Wannan ya rage tazara, ya ƙara yawan abin da faifai ke ɗauka. Sai dai ya zo da sabuwar tambaya: idan faifan ya tsaya, iska ta ɗauke, ina allurar za ta sauka?

Na'urorin farko janye ta suke yi daga kan faifan baki ɗaya. A 1973 ayarin Kenneth Haughton na IBM ya fito da samfurin 3340, wanda aka fi sani da Winchester. A cikinsa an yi kan karatu mara nauyi, aka shafa wa faifan mai, aka bar kan ya riƙa sauka a jikin faifan idan an kashe, ya tashi idan an kunna, duk a cikin rufaffen gida da ƙura ba ta shiga. Kusan duk faifan ajiyar da ya biyo baya daga wannan tsari ya samo asali.

Alan Shugart, wanda ya yi aiki a kan RAMAC a San Jose, shi ne ya kai fasahar kan tebur. Kamfanin da suka kafa da Finis Conner a 1979, wanda ya zama Seagate, ya fitar da ST-506 a 1980. Faɗin gidansa inci 5.25, yana ɗaukar megabayit 5, farashinsa dala 1,500. A 1983 IBM ya fitar da kwamfutar PC/XT ɗauke da faifai mai megabayit 10, daga nan faifan ajiya ya shiga ofisoshi da gidaje.

Ƙananan faya-fayan wancan lokaci na da wani aibi. Injin da ke tura allura taki-taki yake tafiya, kuma duk inda wuta ta ɗauke nan yake tsayawa. Ke nan allurar na iya sauka a kan bayanai. Idan aka ɗauki kwamfutar a haka aka yi tafiya da ita, kowane gargada sai allurar ta daki faifan, ta yi masa tabo. Shi ya sa aka ware wani zobe, galibi can kusa da tsakiyar faifan, wanda ba a rubuta komai a kai, don saukar allura. Kafin a kashe kwamfuta, musamman idan za a matsar da ita, sai mutum ya rubuta umarnin PARK ko SHIPDISK, allurar ta koma can. Wannan shi ne fakin ɗin allura. Waɗanda suka koyi kwamfuta a zamanin DOS na iya tuna yadda malamai ke nanata shi, da kuma gurbin LANDZ da ake cikewa a saitin BIOS.

Zuwa farkon shekarun 1990 an sauya injin tura allura da wani mai aiki da naɗin waya da maganaɗisu, irin na cikin lasifika. Tun daga nan faifai ke yi wa kansa fakin. Ko wuta ta ɗauke ba zato, sauran juyawar da faifan ke yi na samar da 'yar wutar da za ta mayar da allura mazauninta. Daga baya aka ƙara wani ɗan tudu na roba a gefe, inda allurar ke hawa ta huta ba tare da ta taɓa faifan ba. Wannan ya magance wata tsohuwar cuta, inda allura ke mannewa da faifai idan kwamfuta ta daɗe a ajiye har ta kasa tashi. A 2003 IBM ya sa wa kwamfutocin ThinkPad na'urar da ke jin faɗuwa, ta janye allura kafin kwamfutar ta kai ƙasa.

Raunin da bai gushe ba

Duk da wannan ci gaba, tushen bai sauya ba. Faifan kwamfutar girke na yau na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, allurar kuma na shawagi a tazarar da ta fi ta zamanin Johnson ƙanƙanta sau dubbai. Ƙwayar ƙura ɗaya ko shatin yatsa tsauni ne a gabanta. Idan aka buge kwamfuta tana aiki, allurar na iya dukan faifan ta kankare shi, ɓarɓashin kuma ya ci gaba da yawo yana ƙara ɓarna. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan galibi hannun allura ne ke zuwa neman alamar da zai kama, ya rasa, ya koma, ya sake fitowa.

Wannan ya fi shafar yankunan da tsofaffin kwamfutoci ke ƙarasa rayuwarsu. Yawancin na'urorin da ke shagunan buga takardu da na masu tura waƙoƙi da finafinai, daga Kano zuwa Maraɗi har Agadez, gwanjo ne da suka riga suka yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka. Wasu ma 'yan uwa mazauna waje ne ke aiko su. Kwamfutar da za ta kai Arlit, garin da aka gina saboda haƙar yuraniyom a ƙarshen shekarun 1960, sai ta sha gargadar hanyar da ta taso daga Tawa ta ratsa Agadez. Wadda za ta wuce Tchibarakaten, inda aka gano zinariya a 2014 kusa da iyakar Aljeriya, sai ta ƙara da ɗaruruwan kilomita na hamada a bayan mota. Can kuma zafi, ƙura da wutar janareta ke jiran ta.

Ƙura ba ta cika shiga cikin faifan kansa ba, domin a rufe yake, ƙofar numfashinsa ma da matata. Abin da take yi shi ne toshe fanka da ƙofofin iska, zafi ya taru, faifan ya tsufa da wuri. Wutar da ke hawa da sauka tana ƙona allon lantarkin da ke bayansa, ɗaukewarta kwatsam kuma na lalata fayil ɗin da ake cikin rubutawa.

Mai kwamfutar da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau ba ya buƙatar umarnin fakin. Abin da ke gabansa shi ne ya kashe ta ta hanyar da aka tsara, ya jira faifan ya tsaya kafin ya ɗaga ta, kada kuma ya ja teburin tana kunne. Idan ƙarar ta fara, masana na ba da shawarar a kashe nan take, domin kowace kunnawa na iya ƙara tabon. Buɗe murfin faifan a shago ko a ɗaki kuwa ƙarasa shi ne. Kariya mafi inganci ita ce a ajiye kwafin duk abu mai muhimmanci a wuri na biyu tun faifan na da lafiya. Sabuwar ma'ajiya ta SSD ba ta da faifai ko allura, don haka gargada ba ta dame ta ba, amma ita ma tana mutuwa, sau da yawa ba tare da ta yi wata ƙarar gargaɗi ba.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1965 IBM ya ba Johnson muƙamin IBM Fellow, mafi girma da kamfanin ke bai wa masu bincikensa, wanda ke ba mutum damar bin duk binciken da ya ga dama. Shi kuwa sai ya koma kan abin da ya fara da shi, wato na'urorin koyarwa. Ya yi ritaya a 1971, ya kafa ɗan kamfaninsa mai suna Education Engineering Associates a Palo Alto. A can ya ƙirƙiro wani ɗan mitsitsin faifan garmaho da ake mannawa a shafin littafi, yaro ya ɗora 'yar na'ura a kai ya ji ana karanta masa shafin. Kamfanin kayan wasan yara na Fisher-Price ya yi amfani da fasahar a littattafansa masu magana.

Ya mallaki haƙƙin ƙirƙira sama da 90. A 1986 Shugaba Ronald Reagan ya ba shi lambar yabo ta ƙasa kan fasaha. Ya mutu ranar 15 ga Satumban 1998 a Palo Alto sakamakon sankarar fata, yana da shekara 92.

Bayan mutuwarsa da 'yan shekaru IBM ya sayar wa kamfanin Hitachi na Japan sashensa na faifan ajiya, daga baya sashen ya koma hannun Western Digital a 2012. Daga cikin kamfanoni sama da 200 da suka taɓa ƙera faifan, uku suka rage: Seagate, Western Digital da Toshiba. Faifai ɗaya da zai zauna a tafin hannu yanzu na ɗaukar sama da terabayit 20, wato ninkin na RAMAC sau miliyoyi. Wayoyi da sababbin kwamfutoci sun koma ma'ajiya mara faifai, amma manyan rumbunan bayanai na kamfanoni irin su Google da Facebook har yanzu sun dogara da faifai mai juyawa wajen adana mafi yawan abin da jama'a ke ɗorawa. Saƙon bidiyon da ɗan ci-rani ya ɗora daga Tamanrasset ko Jidda don 'yan gida su gani, akwai yiwuwar a kan irin wannan faifai yake kwana.

Ginin titin Notre Dame na nan a San Jose, hukumar birnin ta sa shi cikin wuraren tarihi. Ɗaya daga cikin ma'ajiyoyin RAMAC da aka gyara kuma na gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View, inda masu ziyara ke ganin hannunta na hawa da sauka tsakanin faya-fayan 50.